Hannun Hagu Ma Nawa Ne

Godiya ta tabbata ga Allah da ya bar mini bakin da zan ba da wannan labari, don akwai lokacin da bakin nan ya karkace har ruwa ba ya tsayawa a cikinsa. Sunana Dije, a Dakoro an fi sanina da Inna Dije mai ƙuli-ƙuli. Mijina ya rasu da daɗewa, kuma gidan da nake ciki ni na ƙarasa gininsa da matsar man gyaɗa. Labarin nan na masu jinya ne fiye da na marasa lafiya. Ciwo ya kayar da ni, wannan daga Allah ne, amma tausayin 'yan uwa ne ya so ya hana ni tashi, kuma ban yarda ba.

Ciwon ya daɗe yana leƙe kafin ya shigo. Ƙeyata takan yi nauyi da safe, in na sunkuya kan kasko jiri ya ɗebe ni, wani lokaci in riƙa ganin wuta-wuta. An taɓa auna ni a asibitin garinmu aka ce tansiyo, wato hawan jini, aka ba ni ƙwayoyi. Na sha har suka ƙare, na ji garau, na koma harkata. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce wannan magani ba a yaye shi. Ga ni kuma da jiki, masha Allah, kuma a wurinmu in mace ta cika zane cewa ake yi tana cikin rufin asiri.

Wata Laraba cikin bazara ina tuya, farantin da ke hannuna na hagu ya suɓuce. Na sunkuya in ɗauka, hannun ya ƙi zuwa. Na buɗe baki in kira maƙwabciyata, sai na ji harshena ya cika mini baki. Daga nan ƙafar hagu ta lanƙwashe. Allah ya kiyaye na faɗi gefe, ban faɗa cikin mai ba.

Makon farko ban san yadda ya wuce ba. A asibitin Dakoro sun yi mini allurai sun sa ƙarin ruwa, sannan likita ya ce sai Maraɗi, a ɗauki hoton kai. Aka kira ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa na yanka, muna ce masa Ɗanjuma. Kayan babur yake sayarwa a Maraɗi. Shi ya biya man ambilans, kuma duk ramin da ke hanyar nan na ji shi a ɓarin jikina mai rai. A can muka kwana biyu muna bin layin hoto, ina kwance bisa gado mai taya a baranda tun hantsi har la'asar, a ce wuta ta ɗauke, a ce mai na'ura ya tafi salla. Kullum da sabuwar ordinans, wato takardar sayen magani. Tumakina biyu suka tafi, buhunan gyaɗar da na ajiye na jari suka bi su.

Akwai wata ma'aikaciya da take juya ni da kanta don kada bayana ya yi gyambo, Allah ya saka mata. Akwai kuma wani likita da yake tsayawa a kaina yana zuba wa Ɗanjuma Faransanci, bai taɓa duban fuskata ba. Ranar da harshena ya ɗan saki, abin da na fara gaya wa likitan shi ne kunnena bai shanye ba. Tun daga ranar yake gaishe ni.

A mako na uku aka turo mini wani saurayi da ake kira kine, mai aikin motsa gaɓoɓi. Ya ɗaga hannun hagun nan ya sake shi, ya faɗo tim. Maganar da ya yi har yau tana kunnena. Ya ce, "Inna, hannun ga bai mutu ba, mantuwa ya yi. In an ka bar shi kwance, shina mance ki har abada." Ya ce a Dakoro ba mai irin aikinsa, amma akwai wata Madam Zali da ke koyar da motsa jiki a kolej, sun saba aiki tare ta waya, in neme ta. Ai na san ko wace ce. Ita ce siririyar matar nan 'yar Azagor da ke jan matan ma'aikata gudu da sassafe a bakin hanyar Maraɗi, kowa da wando. Sau nawa ina zaune bakin kasko ina cewa waɗannan ƙoshi ne ya yi musu yawa.

Da aka sallame ni Ɗanjuma ya gyara mini ɗaki a gidansa, da fanka da talabijin. Na ce a mai da ni Dakoro. Muka ja, muka ja, a ƙarshe ya ce, "To Inna, na ba ki zuwa kaka. In har lokacin ba ki iya kai kanki bayi ba, zan zo in ɗauke ki, a ruhe gidan can a sa 'yan haya." Na ce na ji. A zuciyata na san in na shiga ɗakin nan mai fanka, sai dai a fitar da ni a makara.

A gida na tarar da yayata Habsu ta zo daga Birnin Lalle da ƙullin kayanta. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ita ta goye ni ina jaririya. Ta bar gonarta daidai lokacin shuka ta zo zaman jinyata, kuma abin da ta yi mini 'yar cikina ma ba lalle ta yi ba. Ita ke yi mini wanka, ita ke kawo mini fo, ita ke yi mini tsarki, tana yi tana ba ni labari don kada in ji kunya. Ina jin kunyar duk da haka. Mace mai jikoki a ce wata ce ke wanke ta, ranar farko kuka na yi har na shiɗe.

Sai dai Yaya Habsu ba ta yarda in ɗaga ko tsinke. In na miƙa hannu zan jawo kofi, ta riga ni. In na yunƙura zan zauna, ta danna kafaɗata ta ce in kwanta in huta. 'Yan dubiya kuma ba su yanke ba daga safe har magariba, kowa da kwanonsa: farfesun kan rago, dambu ya sha mai, miya ta ji gishiri da magi, duk abin da likita ya hana. In na ƙi ci a ce ciwo ya sa mini baƙin rai. Kowa kuma da maganinsa. Wata ta ce kitsen damo za a shafa, wani ya ce ƙaho, wata ta rantse jifa ne daga masu ƙulin bakin tasha. Wani ɗan uwan mijina ya aiko da nonon raƙumi tun daga Tagriss, ya iso ya riga ya yi tsami. Na sha rubutu, na sha hayaƙi har tufafina suka riƙe wari. Ban raina ƙoƙarin kowa ba, amma hannun yana nan yadda yake.

Ga kuma wani abu da ba wanda ya lura da shi, ni ma sai daga baya. A wurinmu hannun hagu ba shi da aiki a gaban mutane. Ba a gaisawa da shi, ba a karɓa da shi, ba a bayarwa da shi, ba a ci da shi. Wanda ya zo dubiya hannun dama yake kamawa, a nan yake danƙa mini ɗan abin da ya kawo. Aiki guda da aka san hagu da shi shi ne tsarki, shi kuma Yaya ta karɓe. Sai aka naɗe shi cikin zane aka ajiye a cinyata, ya fara ƙanƙancewa, yatsun suka dunƙule. Wata guda cur ba abin da ya taɓa.

Ranar da na ga farcen yatsuna sun fara shiga tafin hannuna, na ce wa maƙwabciyata ta nemo mini Madam Zali. Ta zo da yamma a kan ɗan babur ɗinta, da wandon nan da doguwar riga da hijabi. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, ta auna mini tansiyo, ta kira kinen Maraɗi suka yi magana a gabana da Hausa. Sannan ta dubi katifata mai laushi ta ce a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a sauko da ni ƙasa.

Yaya ta ce, "Ƙasa? Matar da ba ta iya zama?"

Madam Zali ta ce, "Gwaggo, duk mai koyon tahiya sai ya hwaɗi. Gara ta san ƙasar tun yanzu."

Ni da na zaci tausa za ta yi mini. Makon farko ba abin da ta koya mini sai juyi da rarrafe da yadda ake tashi: a mirgina kan ɓari mai lafiya, a dafa gwiwar hannu, a kafa gwiwa, a jawo jiki zuwa abin dafawa. Ina gumi ina nishi, zanena yana kwancewa, ita tana tsaye ta sa hannuwanta a baya. Na zage ta a zuciyata, wata rana ma a fili. Na ce mata 'yar cikina ce, ba ta da kunya. Ta ce, "Haka ne, Inna. Sake ɗaya." Ba ta taɓa ɗaga murya ba, ba ta kuma taɓa ce mini sannu ba sai an gama. Abin da take karɓa a wata bai kai ordinans guda ta Maraɗi ba.

Dare ya yi jikina ya yi tsami kamar an daka ni a turmi, Yaya tana gasa mini da ruwan zafi tana mita. Amma cikin mako na uku na zauna da kaina. Bayan haka na tsaya a jikin bango, ƙafar hagu tana rawa. Madam Zali ta hana kwanonin dubiya, ta ce a ba yaran unguwa, ta sa aka koma dafa mini nawa daban ba gishiri. Matan unguwa suka fara zuwa dubiya daidai lokacin da take zuwa, ba don komai ba sai don kallo. Na ji da kunnena wata tana cewa Dije ta tsufa ta shiga wasan 'yan lakwal, wato yaran makaranta. Na ce mata in ta gaji da tsayuwa ga tabarma, ta zo mu yi tare.

Rigimar ta tashi ne a kan hannu. Wata rana Madam Zali ta ce dama ta cika shisshigi, ita ke yi wa hagu komai, shi ya sa hagu ba ya ko ƙoƙari. Ta karɓi kallabina ta ɗaure mini hannun dama a jikin ƙugu, da yardata. Ta ajiye faranti da soyayyar gyaɗa a gabana ta ce in ɗauka da hagu in kai baki, don hanyar da hannu ya fi saurin tunawa ita ce hanyar baki. Na daɗe ina bin ƙwaya guda tana tsere mini. Da na kama ta tsakanin babban yatsa da manuni, hannun ya taso yana karkarwa, ya bugi haɓata, ya bugi hancina, sannan ya sami baki. Ban taɓa cin gyaɗa mai daɗin wannan ba, ni da na yi rayuwata cikin gyaɗa.

Daidai nan Yaya ta fito daga madafa. Ta saki ludayin da ke hannunta.

"Mi nika gani? Kin ɗaure ta kamar akuya, kina ba ta abinci da hannun tsarki? Wagga wace irin tarbiyya ce?"

Madam Zali ta fara bayani, Yaya ta nuna mata ƙofa. Ta ce uwarmu ta sha buge mana hannu a kan wannan, ba za a zo a lalata ƙanwarta da tsufanta ba. Madam Zali ba ta yi musu ba, ta kwance kallabin ta dube ni. Na ce, "Yaya, gidan ga nawa ne, hannun ma nawa ne. Madam, gobe ki dawo." Tun da nake ban taɓa mayar wa yayata magana ba sai ranar, kuma ta yi mini zafi ni ma. Na aika aka tambayi malamin unguwarmu, ya ce larura ce, neman magani ne ba raina sunna ba. Da aka kawo amsa Yaya ta taɓe baki ta ce malaman yanzu.

Muka ci gaba. Daga gyaɗa muka koma murɗa tsumma, daga nan ɗaukar buta ba ruwa, sannan da ruwa rabi. Yaya ta daina zama wurin, sai ta shige ɗaki. Ban san tana kiran Ɗanjuma a waya ba, tana gaya masa ana ɗaure uwarsa ana birgima da ita a ƙasa mutane suna kallo.

Gero bai ko fitar da kai ba sai ga shi da motar haya har ƙofar gida, da hantsi, tsakar gida cike da 'yan dubiya. Ya gaishe ni fuska a ɗaure. Na ga Yaya ta riga ta ɗaure kayana, aka sa su a mota. Ya ce, "Inna, na ji abin da aka yi maki. Ba ni barin ki zama abin kallo. Mu tahi."

Na ce, "Kaka ta yi?"

Ya ce ba ta yi ba, amma magana ta canza. Ya sa hannu zai ɗauke ni. Na ce ya dakata, ina son in zagaya kafin tafiya. Yaya ta tashi za ta ɗauko fo, na ce ta bar shi, a cika mini buta.

Tun da ciwon ya kayar da ni ban taɓa kaiwa bayin nan ba. Iyakata da Madam Zali ita ce gindin bishiyar dogon yaro da ke tsakiyar gida, kuma ranar ba ta nan, tana kolej. Na dafa bango na tashi. Na riƙe sanda da dama, na rataya butar a yatsun hagu. Na fara jan ƙafa. Na wuce dogon yaro. Kaɗan ya rage in kai, ƙafar ta tuntuɓe da bakin kwata, na tafi ƙasa gaba ɗaya, haɓata ta daki ƙasa, na ji gishirin jini a bakina. Mata suka sa salati, na ji takun Ɗanjuma ya taho da gudu.

Na ce, "Wanda ya taɓa ni ban yahe ba."

Ya tsaya cak. Uwa ba ta faɗin wannan kalma da wasa, kuma ya sani. Na mirgina kan dama, na dafa gwiwar hannu, na kafa gwiwa, ta zame. Na sake. Zanena ya kwance, na bar shi, wanda bai taɓa ganin cinyar tsohuwa ba ya gani. Na rarrafa zuwa wani turmi da ke kife kusa da bango, na ɗora ƙirjina a kai, na huta, na tura. Ina jin ɗana a bayana yana kuka irin na manya, wanda ba sauti sai jan hanci. Da na miƙe na gyara zanena, na sunkuya na ɗauki butar. Rabin ruwan ya zube, sauran ya isa. Na shiga na ja ƙyauren langa-langa na rufe.

Abin da na yi a ciki ba na faɗa ba ne. Na dai daɗe, kuma da hannuna na yi shi, hannun da aka halitta don haka.

Da na fito Ɗanjuma ya riga ya sauke kayana daga mota. Ya durƙusa ya goge mini haɓa da bakin rigarsa, wannan na bar shi ya yi. Yaya Habsu kuwa tana zaune bakin ƙofar ɗaki da fo ɗin nan a gabanta. Ta dube ni ta ce, "To ni yanzu mi ya rage in yi a gidan ga?" Sai a lokacin na ga yadda ta rame, na tuna ita ma ba ta da kowa a Birnin Lalle sai gona. Na ja ƙafa na je na zauna kusa da ita, na ce aikin da ya rage shi ne ta zauna mu ci tuwo. Ta zauna har aka yi girbi, amma ba ta taɓa kallon lokacin da ake ɗaure mini hannu ba, ni kuma ban tilasta mata ba.

Yanzu shekara ta zagayo. Ba zan yi ƙarya in ce na koma yadda nake ba. Ƙananan yatsuna biyu ba su buɗe ba, ƙafar tana ja in na gaji, tuya kuma sai a zaune, wata nake biya tana matsa mini mai. Ƙwayar tansiyo kullum, har ranar da za a sa ni a rami. Madam Zali tana zuwa sau biyu a mako, kuma da sassafe nakan fita da sandata in bi bayan matan nan masu wando, su suna gudu ni ina tafiya. Masu dariya suna nan a bakin hanya, na san wurin zamansu don na taɓa zama a can.

Wanda ƙeyarsa ke nauyi ya je a auna shi, in an ba shi magani kada ya yaye kansa. Ku kuma masu jinya, Allah ya biya ku, ba mai iya biyanku sai shi. Amma ku bar wa marar lafiya ɗan aikin da zai iya, ko da zai ɓata, ko da ganin zai yi muku ciwo. Har yanzu nakan faɗi wani lokaci. Wanda ya shigo gidana ya tarar da ni a ƙasa, ya gaishe ni a nan, ya nemi wuri ya zauna. Zan tashi in kawo masa ruwa.